Fulogi Huɗu ko Shida? Yadda Tsadar Mai ta Sauya Lissafin Sayen Mota a Rano da Kibiya

Har zuwa farkon 2023, ma'aikaci ko ɗan kasuwar Rano da ya tara kuɗin mota ya shiga Kano wajen dillalai ba ya jin nauyin tambayar yadda mota ke tashi. Honda Accord da ake wa laƙabi da End of Discussion, da Camry mai fulogi shida, su ne abin nunawa ranar Sallah da ranar ɗaurin aure. Yau dillalan sun san tambayar farko da za a yi musu: "Alhaji, yaya shan manta?" Mai fulogi shida na iya daɗewa a ajiye tana shan ƙura, ƙaramar Corolla ko Vibe ko Golf kuwa ba ta jimawa.

Ba a neman dalilin da nisa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Motocinmu na hannu ne, daga Turai da Amurka, kuma da dala ake kawo su da kayan gyaransu. Dama a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya ƙuntata hanyar 'yan Kwatano. Sai mai mota ya wayi gari yana biyan tsada sau uku: wajen saye, a gidan mai, da wajen bakanike. Sunan Rano na rubuce a gidajen man A.A. Rano a faɗin Najeriya, amma mutumin Rano na sayen lita kamar kowa.

Abin tambaya shi ne ko wanda ya sauka daga babban inji zuwa ƙarami ya yi asarar wani abu. A ganina, ta fuskar gudu, babu abin da ya rasa. Tsakanin Kano da Rano kimanin kilomita 60 ne: a bi titin Zariya, a karya ta Karfi, a wuce Bunkure, Kibiya kuma na can gaba kaɗan. Mai tafiya a kan kilomita 80 a sa'a zai cinye wannan nisa cikin minti 45. Wanda ya taka totur ya tsaya a kan 120 zai yi minti 30, in har babu abin da ya tsare shi, alhali a wannan hanya akwai garuruwa, da 'yan makaranta, da babura, da shanun da ke tsallakawa, da motocin tumatir daga gonakin rani na Kadawa. Bambancin minti goma sha biyar ke nan a takarda, a zahiri bai kai haka ba. Dokar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma ta tsaida wa motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi. Tsohuwar Golf 3 mai ƙarfin dawaki 75 ko 90 na kaiwa wannan ba da wahala ba. Corolla ta 2003 mai inji lita 1.8 tana da kusan 130. Camry mai fulogi shida ta 2007 tana da 268, wato mai ita ya sayi ninki biyu na ƙarfin Corolla, kuma yana ciyar da wannan ƙarfi kullum ba tare da samun wurin amfani da shi ba.

A ɗauka wata mota na shan lita 8 a kilomita 100, wata kuma lita 12. Zuwa Kano da dawowa, bambancinsu ya kusa lita 5. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke shiga birni sau biyu a mako zai ƙona ƙarin lita kusan 40 a wata saboda fulogi biyu kawai. A farashin naira 1,000, wannan naira 40,000 ne, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024.

Amma ba na tare da masu cewa ƙarfin inji ba shi da wani amfani ko kaɗan. Gudu daban, jan kaya daban. Motar mutumin Kibiya ba ta zuwa ofis kawai. Da kaka ita ke ɗauko masara da gyaɗa daga gona. Da damina ita ke ratsa burji mai taɓo. Da tsakar dare ita ke kai mai naƙuda asibitin Rano, ko a wuce da ita Kano in abin ya yi tsanani. Kuma a hanyar da ba tagwaye ba, in za ka wuce tirela, kana bukatar injin da zai amsa da wuri ka koma hannunka kafin mai tahowa ya iso. Motar da ke nishi a irin wannan lokaci haɗari ce. Sai dai ƙarfin da ake bukata a nan shi ne na ƙasa, wanda ke fitowa a giya ta ɗaya zuwa ta uku, ba wanda ke ƙure maleji ba, kuma lafiyayyen inji mai fulogi huɗu yana da isasshensa.

Manyanmu sun san wannan tun zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ƙarfin injinta bai kai na Corollar yau ba. Abin da ya sa ta mamaye Arewa shi ne tsayinta daga ƙasa, da ƙafafunta masu shanye gargada, da kuma cewa kowane bakanike a kowane gari ya san cikinta. Waɗannan abubuwa har yau su ne ma'auni. Motar da ke ƙasa-ƙasa, komai ƙarfinta, dutse ɗaya a hanyar Rurum ya isa ya fasa mata ƙasan inji, bakin mai ya tsiyaye, inji ya buga. Motar da sai an sa mata kwamfuta kafin a gano ciwonta kuwa, janta za a yi zuwa Kano. Shi ya sa mai hankali kan tambayi bakanikensa kafin ya tambayi dillali: in ta lalace, akwai kayanta a Kofar Ruwa? Nawa ne shakazoba? Za ka iya gyara giyarta a nan?

Sauyin ya zo da nasa illolin, kuma su ne suka fi damuna. Na farko, manyan motoci sun faɗi a kasuwar hannu, har matashi mai ɗan kuɗi kan ga Accord mai fulogi shida ta fi ƙaramar Corolla araha, ya saya da murna. Bayan 'yan watanni sai ya koma zuba mai na lita uku-uku, ya fara jinkirta canjin bakin mai, ya sayi tayoyin da suka gama aiki a wata ƙasa. Babban inji a kan sanƙon taya da birkin da ba a kula da shi ba ya fi kowace mota haɗari a hanya.

Na biyu ya shafi motocin haya. Je tasha da safe ka duba Golf mai dogon baya: mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu a baya, buhuna sun hana but rufuwa an ɗaure murfin da igiya, bayan motar ya sunkuya har salansa na neman taɓa kwalta. Direban ba don ganganci yake yi ba; kuɗin mai ya cinye ribar sahu, don haka yake ƙara lodi, yake kuma ƙara gudu don ya samu sahu na biyu kafin la'asar. Ƙaramin inji bai hana shi gudun wuce sa'a ba, illa dai ya bar shi da birkin da ba a ƙera don wannan nauyi ba. In gudu ya ninka, nisan da mota ke bukata kafin birki ya tsaida ta yana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, amma duk wanda ke hawa motocin yankinmu ya san dokar ba ta iso yawancinsu ba.

Maganar mayar da motoci kan iskar gas, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, za ta iya rage wa direbobin nan nauyi, amma ba ta da ma'ana ga mutumin Kibiya sai ranar da zai iya cika tukunyarsa kusa da gida. Tukunyar ma tana cinye but, wurin da buhun masara ke zama. Kafin nan, aikin da ke gaban shugabannin ƙungiyar direbobi a Rano da Kibiya shi ne su ƙayyade lodi tun daga tasha, su duba taya da birki kafin mota ta tashi, ko da hakan zai sa a ƙara wa fasinja wani abu a kuɗin mota.