Kiɗan Ƙofar Gida: Kada A Yi Wa Kalangu Da Lasifika Hukunci Ɗaya

Makonni kaɗan da suka wuce, mai unguwarmu ya tara mu a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar domin tattauna abin da ya daɗe yana ci wa jama'a tuwo a ƙwarya, wato kiɗan biki a kan layi. Musabbabin taron kuwa shi ne wani biki da aka yi, inda aka toshe titi da rumfa, aka jibge lasifikoki masu tsawon mutum, wani yaro da ake kira dije ya yi ta sakin waƙoƙi daga kwamfuta har ƙarfe biyu na dare. Marasa lafiya ba su runtsa ba, daga ƙarshe kuma samari suka ba hammata iska, aka sari wani a hannu. Shawarar da ta fi rinjaye a wurin ita ce a hana kowane irin kiɗa a unguwar, ba dare ba rana. Ni ma na ɗaga hannu, amma domin in ce ban yarda ba, kuma dalilaina ne nake son in baje wa mai karatu a nan.

Da farko dai, ba kare dije nake yi ba. Abin da ya dame ni shi ne kalmar "kiɗa" da muka yi amfani da ita, domin mun cusa abubuwa biyu mabambanta a cikinta. A bayan layinmu akwai wani dattijo makaɗin kalangu, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, makaɗin mahauta. Idan hukuncin nan ya tabbata, shi ma ya shafe shi, alhali kuwa bai taɓa hana kowa barci ba. Sautin kalangunsa iyakarsa gida biyar ko shida, kuma hannun mutum yana gajiya, ba kamar na'ura ba.

A fannin da nake koyarwa, wato kimiyyar harshe, kalangu ba abin wasa ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, akwai na ƙasa, akwai kuma mai faɗowa. Da kari ne kaɗai muke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. To, idan makaɗi ya matse igiyoyin kalangu a hammatarsa sai fatar ta ɗaure, sauti ya hau. Idan ya sassauta sai ya sauka. Ta haka yake bin hawa da saukar magana da tsawon gaɓoɓinta, har wanda kunnensa ya saba ya ji sunansa da na kakansa ba tare da an buɗe baki ba. Shi ya sa ɗan dambe yake zabura idan ya ji takensa. Na sha kai ɗalibaina wurin dattijon nan, kuma abin da nake shafe mako biyu ina bayani a kan allo, shi yakan nuna musu shi cikin minti goma. Abin takaici, a ajin da na kai masa bara, waɗanda suka gane abin da kalangun yake faɗa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Masana sun daɗe da gane darajar wannan abu. Tun a 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Mamman Shata, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa. Amma ya kamata mu tuna cewa ba a jami'a aka ƙera Shata ba. Dandali ne ya yi shi, da kasuwa da gidan biki, inda jama'a suke kewaye mawaƙi, idan ya yi daidai su yi masa kari, idan ya yi lami su watse su bar shi da 'yan amshinsa. Haka Barmani Choge ta fito daga kiɗan ƙwaryar matan cikin gida, Ɗanmaraya Jos kuma ya yi yawo da kuntiginsa layi-layi. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Idan muka rufe ƙofar gida, a ina magadansu za su koyi tsayuwa a gaban jama'a?

Ko kafin wannan taro namu, sana'ar tana jan ƙafa. Fiyano ya shigo ɗakunan ɗaukar waƙa tare da finafinan Hausa, mutum ɗaya yana yin aikin makaɗa shida. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, makaɗa da yawa sun ja jiki, wasu sun ajiye sana'ar gaba ɗaya. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012 da dokar hana fita da ta biyo baya sun sa mutane sun daina taron dare na tsawon lokaci, kuma da abin ya lafa ba a koma yadda ake ba. Masu hali sun kwashe bukukuwansu zuwa ɗakunan taro na haya, inda sai mai kati yake shiga, maroƙi kuwa iyakarsa bakin ƙofa tare da masu gadi. Hatta liƙi, wanda da shi makaɗi yake cefane, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta shi, kuma a 2024 mun ga an gurfanar da mutane a kotu saboda shi.

Na san akwai waɗanda ƙin kiɗansu na addini ne, ba na hayaniya ba. Ina girmama ra'ayinsu, kuma wannan fage ne na malamai, ba nawa ba. Sai dai ba wannan ne ya tara mu ran nan ba. Abin da ya tara mu shi ne ƙara da toshe hanya da 'yan daba, kuma kowane ɗaya yana da maganinsa. Saboda haka na ba da shawarar a ƙayyade lokaci, a tashi kafin sallar isha'i. A hana manyan lasifikoki a kan layi. Mai biki ya sanar da mai unguwa da maƙwabta tun da kwana uku, ya bar hanyar da mota za ta wuce, ya kuma ɗauki alhakin duk abin da baƙinsa suka aikata. Kiɗan hannu kuwa, na kalangu ko ƙwarya ko gurmi, a bar shi da rana kamar yadda muka taso muka gani.

Wani maƙwabcina ya ce da ni, "Malam, ai ku 'yan boko kuna son kalangu ne a cikin littafi, amma ranar bikin 'ya'yanku dije kuke ɗaukowa." Ban iya ba shi amsa ba, domin a bikin ƙanwata haka aka yi, ina zaune ban ce uffan ba. Mai unguwa dai ya ɗage yanke hukunci zuwa bayan sallah, ya kuma ce a gayyato dattijon makaɗin a ji ta bakinsa, tunda a zaman farko babu wanda ya tuna ya kira shi.