Nawa gida yake samu a Boko? Yadda ake auna aljihun gari

Sau da yawa muna jin ana cewa a rediyo garin kaza ya fi garin kaza talauci. Irin waɗannan alƙaluma ake dubawa kafin a raba tallafi, a gina aji ko a haƙa rijiyar burtsatse. To, a ce an tambaye mu nawa magidanci yake samu a wata a Boko, cikin ƙaramar hukumar Kusada, ko a maƙwabciyarta Kankia. Ta ina za mu fara?

Mu ɗauki misali. A ce gidaje bakwai ne a layi ɗaya. Shida suna samun naira dubu 30, 35, 40, 45, 50 da 60 a wata, na bakwai kuwa na wani babban ɗan kasuwar hatsi ne mai samun dubu 440. Idan muka tara muka raba bakwai, kowane gida ya tashi da dubu 100. Lissafin daidai ne, amma ya ɓoye gaskiya, domin gidaje shida ba su ko kusanci wannan kuɗi ba.

Saboda haka masana ƙididdiga suka fi son wata hanya. Sai su jera gidajen daga ƙarami zuwa babba, su ɗauki na tsakiya. A nan na huɗu ne, mai dubu 45: uku suna ƙasa da shi, uku suna sama. Ko attajirin ya ninka samunsa sau goma, gidan tsakiya yana nan inda yake.

Matsala ta biyu ita ce tambayar kanta. Manomin gero da dawa ba ya karɓar albashi. Samunsa da kaka daban, da bazara daban. Hatsin da ya zuba a rumbu ake ci, bai shiga kasuwa ba. Ga kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na uwargida, ga aiken ɗan da ya tafi cirani. Wani kuma zai rage abin da yake samu don tsoron haraji, wani don sa ran tallafi. Shi ya sa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fi dogara da abin da gida ya ci kuma ya kashe.

A binciken da ta yi a 2018 zuwa 2019, ta ziyarci gidaje kimanin dubu 22 a faɗin Najeriya. Ta ɗauki naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya a matsayin iyakar talauci, ta gano kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna ƙasa da ita. A Jihar Katsina adadin ya kai kimanin kashi 56.

Amma lura: gidaje kimanin 600 aka zaɓa a kowace jiha. Mai sayen hatsi ba ya ƙirga ƙwayar buhu. Yakan ɗebo kaɗan ya duba. Idan abin da ya ɗebo ya yi ƙaranci, tsakuwa za ta iya kuɓuce masa. Haka abin yake ga gidaje. Da an zaɓi wasu 600 daban, da amsar ta ɗan canza. Wannan ɗan motsi shi ake kira tazarar kuskure. A lissafi mafi sauƙi, gidaje 600 suna ba da tazarar kashi 4 sama ko ƙasa. Idan aka raba su ga ƙananan hukumomi 34 na Katsina, kowace za ta sami kusan 18, tazarar kuwa ta haura kashi 20. Wannan ne dalilin da hukumar ta tsaya a matakin jiha. Ko binciken talauci na 2022 ya tsaya ne a mazaɓar sanata, inda Kusada da Kankia suke tare da Daura da wasu tara.

Ga wata ƙa'ida da ta cancanci haddacewa: don a rage tazarar da rabi, sai an ninka gidajen sau huɗu.

A Amurka, hukumar ƙidaya tana aika tambayoyi ga gidaje kusan miliyan uku da rabi kowace shekara. Duk da haka, idan ta fitar da samun gidan tsakiya na wata gunduma, tana rubuta tazarar kuskure a gefensa. Da irin waɗannan alƙaluma ake raba kuɗin tallafi ga makarantun 'ya'yan talakawa.

Don haka, duk lokacin da aka kawo mana adadi, mu yi tambaya uku: rabon daidai ne ko gidan tsakiya? Gidaje nawa aka tambaya? Tazarar kuskuren nawa ce?

Aikin wannan mako: kowa a aji ya rubuta kuɗin tararsa a takarda ba tare da suna ba. Ku fitar da na tsakiya. Sannan ku zari takardu biyar ido rufe, ku sake fitarwa, har sau uku. Ku aiko mana da bambancin da kuka gani.