Hasken Leza da Ƙurar da Ke Tona Asirin Gudun Ruwa

Abin da ya daɗe yana ci wa masu auna gudun ruwa da iska tuwo a ƙwarya shi ne, ma'aunin da suka tsoma shi ke fara dagula abin da suke son aunawa. Tun 1732 injiniyan Faransa Henri Pitot ya zura lanƙwasasshen bututu a kogin Seine don sanin saurinsa, kuma har gobe da irin bututun nan jiragen sama ke sanin gudunsu. Daga baya aka zo da siririyar waya mai zafi, wadda iska ke sanyayawa gwargwadon ƙarfinta. Dukansu suna aiki, amma sai sun tare hanya. Wayar kuwa ba ta jure harshen wuta ko ruwa mai datti.

A 1964, shekara huɗu bayan Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, Yeh da Cummins na Jami'ar Columbia a Amurka suka nuna cewa haske zai yi aikin ba tare da an taɓa ruwan ba. Sun barbaɗa ƙananan ƙwayoyin roba a ruwan da ke bin bututu, suka haska su da jan hasken leza, suka auna ɗan canjin da hasken ya samu bayan ya bugi ƙwayoyin. Wannan canji shi ne wanda Christian Doppler ya bayyana a 1842: tsawon zangon haske yakan takure idan abin da hasken ya fito daga gare shi yana tunkaro ka, ya miƙe idan yana nisa.

Na'urorin yanzu sukan raba haske gida biyu, su sa su gicciye a wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. A mahaɗar, layuka na haske da duhu sukan jeru, tazararsu sananniya. Ƙwayar ƙura da ta ratsa sai ta riƙa walƙawa tana dishewa, kamar mai keke da ke bin ƙarƙashin jerin itatuwan darbejiya, rana da inuwa na karɓa-karɓa a kansa. Idan tazarar kashi 5 ce cikin dubu na milimita, ƙwayar kuma ta walƙa sau miliyan a daƙiƙa, to gudunta mita 5 ne a daƙiƙa. Lissafin ke nan. Akwai dai wata tangarɗa: walƙiyar iri ɗaya ce ko ƙwayar ta nufi gabas ko yamma. Maganinta shi ne a ɗan gusa saurin kaɗawar ɗaya daga cikin hasken biyu, galibi da megahaz 40 (kaɗawa miliyan 40 a daƙiƙa), sai layukan su riƙa tafiya, alƙibla ta fito fili.

A ganina, abin da ya fi cancantar a lura da shi shi ne lezar ba ta ganin ruwa ko iska sam. Ƙurar da ke cikinsu take gani. Idan ƙwayar ta yi nauyi, iska za ta sha kwana ita ta wuce kai tsaye, na'ura ta ba da lamba mai kyan gani amma ta ƙarya. Shi ya sa ake fesa ɗigon mai da girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, a cikin wuta kuma a sa garin da ba ya narkewa. Da haka ake leƙa cikin injin mota ta tagar gilashi. Likitanci ya yi sa'a, domin jini yana tafe da nasa ƙwayoyin: a 1972 Charles Riva da abokan aikinsa suka auna gudun jini a jijiyoyin idon zomo.

Sharaɗin dai ɗaya ne, dole haske ya samu wucewa. A kogi mai laka irin Neja ko Binuwai da damina, leza ba ta zuwa ko'ina. Masu auna koguna sukan yi amfani da ƙa'idar Doppler ɗin nan, amma da sauti, kuma a ruwa mai gurɓata sauti ya fi haske amfani.