KWASKWARIMAR ƘARAMAR MOTA DA KUƊI KAƊAN: ABIN DA YA KAMATA MAI MOTAR FARKO YA SANI

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Legas, kuma a wancan zamani ƙaramin ma'aikaci kan iya karɓar bashin mota ya sayi sabuwa fil. Yanzu kuwa motar farko ta yawancin matasa ta hannu ce, irin wadda ake kira tokumbo ko 'yar Kwatano, kamar Toyota Starlet, ko Nissan Micra, ko Volkswagen Golf, ko Peugeot 206. Injin irin waɗannan motoci ƙarami ne, kuma galibi sun riga sun yi shekaru suna aiki kafin su shigo hannun mai su na yanzu.

Ba laifi ba ne mutum ya so motarsa ta yi kyau, ta fita daban. Amma kuɗin da aka kashe a kan ado kafin a duba birki, kuɗi ne da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Wannan takarda za ta bayyana gyaran da ya kamata a fara da shi, da wanda ke ɓata mota, da kuma wanda doka ta hana.

KASAFIN KUƊI

Tun kafin a je gareji, ya kamata mai mota ya san iyakar abin da zai iya kashewa, ya kuma raba shi. Hanya mai sauƙi ita ce a kasa kuɗin kashi goma. Kashi biyar su tafi ga abin da ke tsare rai, watau taya da birki da sitiyari da fitilu. Kashi uku su tafi ga lafiyar inji. Kashi ɗaya na ado ne da jin daɗi. Ɗayan da ya rage a ajiye shi, domin tsohuwar mota ba ta ba da sanarwa kafin ta lalace.

TAYA DA WILI

Taya huɗu ne kaɗai abin da ya haɗa mota da ƙasa, saboda haka da su ake farawa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta. Alal misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba takan bushe ta tsattsage da tsufa ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwalta kuma yakan gaggauta fashewarta. Dalili ke nan da ya sa tsofaffin tayoyi suke cikin jerin kayan da aka haramta shigo da su ƙasar nan. Har wa yau, idan zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6, ba za ta iya korar ruwa daga ƙarƙashinta ba in ana ruwan sama, sai motar ta yi santsi.

Matasa da dama sukan fara da sayen babban wili mai sheƙi. Kafin a yi haka, wajibi ne a fahimci rubutun girman taya. Idan aka ga 175/65 R14, ma'anarsa faɗin tayar milimita 175 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, watau kimanin milimita 114, wilin kuma inci 14 ne. Tsayin tayar gaba ɗaya ya kama kimanin milimita 583. Wanda ke son wili mai inci 15 zai iya sa 185/55 R15, domin tsayinta kusan ɗaya ne da na asali. Wanda kuwa ya haura zuwa inci 17 da taya 205/40, gefen tayarsa zai ragu zuwa milimita 82. Wannan siririn gefe shi ne zai karɓi dukan kowane rami, kuma sakamakonsa lanƙwasar wili da kumburin taya.

Bugu da ƙari, agogon gudu yana lissafi ne da yawan juyawar taya. In tsayin taya ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, agogon zai nuna kilomita 100 alhali motar tana gudun 105. Ƙa'idar da masu sana'ar taya ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari.

BIRKI DA SIFIRIN

Man birki yana zuƙar danshin iska sannu a hankali. In ruwa ya yi yawa a cikinsa, zafin taka birki a doguwar gangara kan sa shi ya tafasa, sai direba ya taka ya ji fayau. Domin haka yawancin kamfanonin mota ke ba da shawarar a canza shi duk shekara biyu. Aiki ne mai araha ƙwarai in an kwatanta shi da amfaninsa.

Wasu kan yanke sifirin domin mota ta kwanta ƙasa kamar motar tsere. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma motar da aka sauke ta kan bugi tudun rage gudu da kaskon baƙin mai ko da salansa. In kaskon ya fashe, mai ya tsiyaye, inji zai buga cikin 'yan mintoci. A kan hanyoyin ƙasar nan, sabon shakazoba na girman asali ya fi kowane irin saukarwa amfani.

INJI

Ƙaramin inji ba ya zama babba don an sa masa salansa mai ƙara. Ƙarfin da tsohuwar mota ta rasa yakan dawo ne ta hanyar sabbin fulogi, da tsabtataccen matacin iska, da baƙin mai irin wanda littafin motar ya ambata, da wanke lagireto.

Akwai ayyuka biyu da suka zama ruwan dare a garejoji, kuma dukansu cuta ne. Na farko shi ne cire tamosta, watau 'yar ƙofar da ke tsare ruwa cikin inji har ya yi zafin da ya dace, tsakanin digiri 80 zuwa 90, kana ta buɗe masa hanyar lagireto. Ana cire ta ne da sunan ƙasarmu ƙasar zafi ce. Amma injin da bai kai zafin aikinsa ba yakan ƙara shan fetur, yakan kuma fi saurin cinyewa. In mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireto, ko fanka, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto.

Na biyu shi ne fasa matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa take da masu saye. Aikinta rage gubar hayaƙi. In aka cire ta, gubar za ta fita kai tsaye zuwa huhun jama'a, mai motar kuma ya yi asarar wani kaya mai daraja.

Tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun juya ga iskar gas ta CNG. Ana matse wannan iska a tukunya har bar 200, alhali matsin gas ɗin girki bai kai bar 20 ba. Saboda haka tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta iya ɗauka ba. A watan Oktoba na 2024 wata tukunya marar inganci ta fashe a wani gidan sayar da gas a birnin Benin, ta jikkata mutane. Wanda zai yi wannan canji ya je cibiyar da aka amince da ita kawai.

LANTARKI

Lantarkin ƙaramar mota bolt 12 ne, na'urar cajin batirinta kuma tana da iyaka. Amfilifaya mai wat 300 kan ja kimanin amp 25, ban da abin da fitilu da fanka da na'urar sanyi ke ja. Duk sabuwar wayar da za a ɗauko daga batir, dole a sa mata fiyus kusa da batirin. In fiyus ya ƙone, kada a naɗa masa zaren waya, domin ƙonewarsa ita ce ke hana wutar ta kama motar. Haka nan ƙwan fitila mai wat 100 a gurbin mai wat 55 yakan narkar da soket, ya kuma kashe idon direban da ke tahowa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar 1991 ta hana amfani da baƙin gilashi ba tare da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ba. Jiniya da fitila mai walƙiya ba na motar gida ba ne. Rufe lambar mota ko sauya mata kama laifi ne. Wanda ya canza launin mota ko injinta ya sanar da ofishin lasin domin takardu su yi daidai da motar, ya kuma riƙe rasitin injin da ya saya. Inshorar da ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani wajibi ce, kuma daga 1 ga Janairu 2023 aka mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, sukan nemi ganin safaya taya, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Iyakar gudun motar gida kilomita 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, komai irin gyaran da aka yi mata.

SAYEN KAYA DA ADO MAI ARAHA

A kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Legas, da Nkwo a Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, ana samun nagari ana samun jabu. Mai saye ya tafi da tsohon kayan da aka cire domin gwadawa, ya karɓi rasit. Ƙofa ko madubi ko kujera na hannu ba su da illa. Taya da takalmin birki da bel ɗin inji kuwa sababbi ake saye, gama araha ba ta ado.

In waɗannan duka sun kammala, sauran kuɗin zai isa a goge fenti, a wanke gilasan fitilun da suka dushe, a ɗinka rigar kujera, a sa shimfiɗar ƙafa da matsakaiciyar rediyo. Irin wannan ado ba ya taɓa lafiyar mota, ba ya kuma rage mata daraja ran da za a sayar da ita.

Ana kira ga iyaye da shugabannin garejoji da su riƙa nusar da matasa a kan wannan tsari. Kowane mai mota ya tuna cewa hanya ta kowa ce, kuma motar da ta kasa tsayawa ba mai ita kaɗai take cutarwa ba.