Yadda cutar Ebola ke yaɗuwa da yadda ake shawo kanta

An fara gano cutar Ebola ne a shekarar 1976, lokacin da ta ɓulla kusan lokaci guda a garin Nzara da ke Sudan ta Kudu a yau, da kuma ƙauyen Yambuku na ƙasar Zaire, wadda a yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Daga kogin Ebola da ke kusa da Yambuku cutar ta samo sunanta. A can mutum 318 suka kamu, 280 suka rasu, kuma maimaita amfani da allurai ba tare da tafasa su ba a asibitin ƙauyen ya taimaka wajen bazuwarta.

Masana na kyautata zaton cewa jemagu masu cin 'ya'yan itatuwa ne maɓoyar ƙwayar cutar. Takan shiga jikin ɗan'adam ta hanyar taɓa jini ko naman dabbar daji da ta kamu, kamar biri ko gada. Daga nan sai ta riƙa ratsa mutane ta jini, amai, gudawa, gumi da maniyyi, ko ta tufafi da shimfiɗar majinyaci. Ba ta bin iska kamar ƙyanda.

Tsakanin kamuwa da bayyanar alamomi akan ɗauki kwana 2 zuwa 21, kuma mutum ba ya yaɗa cutar sai alamomin sun bayyana. Takan soma da zazzaɓi, kasala, ciwon kai da na gaɓoɓi, abin da ke sa a ɗauke ta a matsayin zazzaɓin cizon sauro, taifod ko Lassa. Daga baya amai da gudawa su biyo, wasu kuma su yi zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kimanin rabin waɗanda suka kamu ne ke mutuwa, ko da yake adadin ya kan kama daga kashi 25 zuwa 90 cikin 100, gwargwadon nau'in ƙwayar da kulawar da aka samu.

Mafi haɗari shi ne majinyacin da ciwonsa ya yi tsanani da kuma gawarsa, domin a lokacin ne ƙwayar ta fi yawa a jiki. Shi ya sa masu jinya a gida, ma'aikatan lafiya da masu wankan gawa suka fi kamuwa.

Annoba mafi muni ita ce ta Afirka ta Yamma, wadda ta faro a yankin Gekedu na kudancin Gini a ƙarshen 2013, amma ba a tabbatar da ita ba sai Maris na 2014. Wannan jinkiri ya ba ta damar tsallakawa Laberiya da Saliyo har ta shiga manyan birane. Kafin ta lafa a 2016, sama da mutum 28,600 sun kamu, fiye da 11,300 sun mutu.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya yana fama da cutar. Dakta Ameyo Stella Adadevoh, wadda ta duba shi, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lamba, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Hukumomi sun kafa cibiyar ɗaukin gaggawa irin wadda ake amfani da ita wajen yaƙi da shan-inna, suka bi sawun kusan mutum 900 da suka yi cuɗanya da marasa lafiya a Legas da Fatakwal. Mutum 20 suka kamu, takwas suka rasu, sannan a ranar 20 ga Oktoba WHO ta ayyana ƙasar a matsayin wadda ta rabu da cutar.

Abin da aka yi a Legas shi ne ginshiƙin daƙile kowace ɓarkewa. Ana keɓe wanda ake zargi, a gwada jininsa, a rubuta sunan duk wanda ya kusance shi, a riƙa auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Tun da ba a yaɗa cutar kafin alamomi, duk wanda aka keɓe a ranar da zazzaɓi ya fara masa da wuya ya harbi wani. Ana kuma binne mamata ta hannun ƙwararru masu kayan kariya, tare da bai wa iyalai damar yin sallar jana'iza ko addu'a ba tare da taɓa gawa ba. Sai an shafe kwana 42, wato ninki biyu na 21, ba a samu sabon kamu ba, kafin a ce annoba ta ƙare.

A yau akwai ƙarin makamai. Rigakafin Ervebo, wanda aka gwada a Gini a 2015 kuma aka amince da shi a 2019, ana yi wa waɗanda suka yi cuɗanya da majinyaci da makusantansu. A 2020 aka amince da magunguna biyu, Inmazeb da Ebanga. Sai dai duka ukun nau'in Zaire kaɗai aka yi su dominsa, shi ya sa a 2022 Uganda ta yaƙi nau'in Sudan da keɓewa da bin sawu.

Rigakafi kuma ba ya wadatarwa idan jama'a ba su yarda da ma'aikatan lafiya ba. A gabashin Kongo, tsakanin 2018 da 2020, an yi wa sama da mutum 300,000 allurar, amma rikici da hare-hare kan cibiyoyin jinya suka sa fiye da 2,200 suka mutu. A Najeriya ma, jita-jitar cewa sha da wanka da ruwan gishiri na maganin cutar ta kai mutane asibiti a 2014.

Don haka duk wanda ya kamu da zazzaɓi cikin makonni uku bayan dawowa daga yankin da cutar ta ɓulla, ya sanar da jami'an lafiya ko Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, NCDC, ba tare da ɓata lokaci ba. Zuwa asibiti da wuri, inda za a maido da ruwan da jiki ya rasa, na ƙara damar tsira, yana kuma kare iyalin da ke jinya.