Ɓata Suna a Wurin Aiki: Yadda Harshe Ke Kai Mutum Gaban Alƙali

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Da yawa daga cikinku, 'yan'uwa ɗalibai, nan da 'yan shekaru za ku samu kanku a wuraren aiki: wani a banki, wata a asibiti, wani a shagon maigidansa a kasuwa. Wasu ma tun yanzu suna koyon ɗinki ko gyaran waya bayan an tashi daga makaranta. Duk inda mutane suka taru suna neman abinci, ba a rasa gasa da hassada da tsegumi. Abin da ba a cika koya mana a aji ba shi ne, akwai maganar da idan ka faɗa a kan abokin aikinka, kotu za ta iya sa ka biya diyya, ko ma ta tura ka gidan yari.

Mene ne ɓata suna a idon doka?

Dokar diyya kan ɓata suna da kotunan Najeriya ke aiki da ita ta samo asali ne daga dokar Ingila. Wanda ya kai ƙara sai ya tabbatar wa alƙali abu uku. Na farko, maganar tana zubar da mutuncinsa a idon mutanen kirki, ko tana sa a guje shi, ko a yi masa dariya. Na biyu, da shi ake. Ba dole sai an ambaci sunansa ba. Idan ka ce "mai riƙe da makullin sito ne ke kwashe kaya", alhali kowa ya san mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin, to ka nuna shi da yatsa. Na uku, maganar ta isa kunnen wani mutum na daban.

Wannan na ukun shi ne ƙashin bayan al'amarin. Idan ka kira abokin aikinka gefe, daga kai sai shi, ka ce masa ɓarawo, ka ɓata masa rai amma ba ka ɓata masa suna ba, domin suna yana wurin jama'a ne. Da zarar mutum ɗaya tak ya ji ko ya karanta, magana ta canja.

Kuma cewa "ni ma ji na yi" ba ta fitar da mutum. A doka, wanda ya maimaita ƙage daidai yake da wanda ya ƙirƙire shi. Saboda haka wanda ya tura saƙon zargi daga wani zauren WhatsApp zuwa zauren ma'aikatansu ya ɗauki nauyin saƙon, ko da bai ƙara masa harafi ɗaya ba.

Na rubuce da na baki

Doka ta fi tsananta wa abin da aka rubuta, saboda rubutu yana daɗewa kuma yana yawo. Idan a takarda ne, ko a jarida, ko a Facebook, mai ƙara ba ya buƙatar nuna asarar da ya yi. Kotu za ta ɗauka cewa an cuce shi.

Idan kuwa da baki ne, a ƙa'ida sai ya nuna takamaimiyar asara, kamar kora daga aiki ko gudun abokan ciniki. Amma akwai zarge-zarge huɗu da ba sa buƙatar haka: a ce mutum ya aikata laifin da ake ɗauri a kansa, ko yana ɗauke da muguwar cuta mai yaɗuwa, ko a zargi mace da lalata, ko a ce mutum bai cancanci aikinsa ko sana'arsa ba. Ku lura da kyau, galibin gulmar wurin aiki a cikin waɗannan huɗun take faɗawa: "wane yana cin kuɗin ofis", "wance takardun bogi gare ta".

Zagin da ya fito ana tsakiyar faɗa yana da nasa matsayi. A shari'ar Bakare da Ishola ta 1959 a Jihar Yamma ta wancan lokaci, wani ya kira abokin faɗansa ɓarawo kuma tsohon fursuna a gaban mutane. Kotu ta ce waɗanda suke wurin sun fahimci zafin rai ne kawai ba tuhuma ba, ta kori ƙarar. Sai dai kada wannan ya ruɗe ku. Wanda ya zauna ya rubuta zagi ya aika, da wuya ya fake da ɓacin rai, tunda ya samu lokacin tunani.

To, a yi shiru ke nan idan an ga ɓarna?

A'a. Doka ba ta zo don ta rufe bakin mai gaskiya ba. Kariya ta farko ita ce gaskiya, amma nauyin tabbatar da ita yana kan wanda ya yi maganar. Zato ko "kowa ya sani" ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ta biyu ita ce faɗin ra'ayi na adalci kan abin da ya shafi jama'a, matuƙar an gina ra'ayin a kan abin da ya tabbata.

Ta uku ita ce ta fi shafar ma'aikata. Idan ka kai rahoto da zuciya ɗaya ga wanda ke da haƙƙin ya ji, kamar shugaban ma'aikata ko kwamitin ladabtarwa, doka na ba ka kariya ko da daga baya an gano kuskure ne. Kariyar tana faɗuwa idan aka tabbatar da mugun nufi, ko kuma ka kai maganar inda bai kamata ba.

Shari'ar Watt da Longsdon, wadda ke cikin kundin rahotannin kotunan Ingila na 1930, ta fito da wannan fili. Mutanen biyu manya ne a wani kamfanin man fetur. Wani manajan kamfanin a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko ya rubuto wa Longsdon wasiƙa yana zargin Watt da shaye-shaye da neman mata. Longsdon ya gaskata, ya nuna wa shugaban kamfanin wasiƙar, sannan ya nuna wa matar Watt, har ta nemi a raba aurensu. Ashe zargin ba gaskiya ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce nuna wa shugaban kamfani yana da kariya, domin aikinsa ne ya san halin ma'aikatansa, amma nuna wa matar ba shi da ita. Wasiƙa ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon hannun da aka miƙa wa.

Hukuncin da ke jiran mai ƙage

Hanya ta farko ita ce ƙarar neman diyya, inda kotu kan sa a biya kuɗi, ta kuma hana ci gaba da yaɗa maganar. Ta biyu ita ce tuhumar aikata laifi. Kundin Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya fayyace ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. A nan gaskiya kaɗai ba ta isa kariya ba, sai an nuna bayyana ta yana da amfani ga jama'a. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci kuma akwai haddin ƙazafi: wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta zo da shi.

Akwai masu ganin bai kamata a riƙa ɗaure mutum kan magana ba, diyya ta wadatar, tunda sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Ghana ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna tun 2001. Muhawarar ta sake zafi a Najeriya a watan Disamban 2024, lokacin da 'yan sanda suka kama lauya Dele Farotimi a Legas suka kai shi Jihar Ekiti, bayan babban lauya Afe Babalola ya yi ƙorafi kan abin da ya rubuta a kansa cikin wani littafi. Ya yi kusan mako uku a tsare kafin ya fito a kan beli. A ƙarshen Janairun 2025 Babalola ya amince ya janye ƙorafin, bayan Ooni na Ife da wasu sarakunan Yarabawa sun sa baki. Dukkansu lauyoyi ne, amma sulhu ne ya kashe wutar.

Abin da ya kamata ku riƙe

Idan ka ga abokin aiki yana ɓarna, faɗi abin da idonka ya gani kaɗai, da rana da wuri, ga wanda ke da ikon ɗaukar mataki. "Na ƙirga kuɗin jiya na ga babu Naira dubu 20" rahoto ne. "Wane ɓarawo ne" hukunci ne, kuma ba kai ne alƙali ba.

Idan kuma kai aka yi wa yarfe, kada ka rama da irinsa, don kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Adana hoton saƙon da kwanan watansa, ka tuna waɗanda suka ji, ka kai ƙorafi a rubuce ga shugaba, ka nemi a janye maganar a inda aka yaɗa ta. Idan abin ya ci tura, sai a nemi lauya, amma a sani shari'a tana cin kuɗi da lokaci.

Wannan tarbiyya daga makaranta take farawa. Zauren WhatsApp na ajinku shi ne ofishinku na farko. Kafin ka tura labari a kan ɗan ajinku ko malaminku, tambayi kanka: na tabbatar? Wanda zan tura wa yana da haƙƙin ya sani? Zan iya maimaita wannan a gaban alƙali? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, to bar shi a cikinka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.