Kifin Ƙarya Mai Nutsewa da Hikimar Kamun Bas a Amurka

A tafkuna da kogunan Amurka akwai wani kifi mai faɗin baki da ake kira bas, wanda abincinsa 'yan'uwansa ƙananan kifaye ne, kamar dai giwan ruwa a namu kogunan, kuma mutanen ƙasar sun mai da kamunsa da fatsa fanni mai zaman kansa, har suna gasa a kansa suna rubuta tarihin gwanayensa. Cikin wannan tarihi ne aka ambaci bas ɗin da George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai nauyin kilo 10 da ɗoriya kaɗan, wanda ba a sami kamarsa ba sai a 2009, a Tafkin Biwa na Japan.

Daga cikin kayan da suke yaudararsa da su akwai jakbet, wani ɗan siririn kifin ƙarya na itace ko na roba, mai ɗan leɓe a gaba da ƙugiyoyi masu baki uku a ƙarƙashinsa, wanda ba shi da wani motsin kirki sai wanda mai fatsa ya ba shi da fizgar sandarsa. Wani irinsa yakan taso sama idan an daina ja, wani ya tsaya cik a tsakiyar ruwa, wani kuwa ya dinga nutsewa sannu a hankali, kuma wannan na ƙarshe shi ne abin nufinmu.

Asalin irin waɗannan kifayen ƙarya yana komawa ga wani talakan masunci na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, wanda ya lura cewa babban kifi, in ya faɗa wa garken ƙanana, mai rauni yake zaɓa, wanda iyonsa ya karkace. A 1936 ya sassaƙa ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya dace da iyon kifi majinyaci. Bayan mujallar Life ta ba da labarinsa a 1962 Amurkawa suka yi masa caa, a 1965 kuma kamfaninsa ya fito da mai nutsewa, CountDown, wanda aka auna nauyinsa yadda zai riƙa sauka kimanin ƙafa 1 a kowace daƙiƙa.

Fa'idar wannan awo tana bayyana ne lokacin sanyi. Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci kifi jikinsa yana bin zafin ruwan da yake ciki, saboda haka idan hunturu ya kama, kuzarin bas yakan ragu, narkewar abincinsa ta yi jinkiri, ya koma can ƙasa kusa da duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ba ya son ya ɓata ƙarfinsa wajen korar lafiyayyen kifi. A daidai wannan lokaci kuwa ƙananan kifayen da ake kira shad, waɗanda ba su jure sanyi, sukan galabaita idan zafin ruwa ya yi ƙasa da digiri 7 ko makamancin haka, su yi ɗan zillo, su tsaya, su sulale ƙasa. Wannan hali shi ne jakbet mai nutsewa ke kwaikwaya, kuma bas yana riskarsa da idonsa da kuma wata jijiya da ke bin gefen jikinsa, wadda da ita yake jin girgizar ruwa.

To, mai fatsa idan ya jefa, sai ya yi ƙirga cikin ransa gwargwadon zurfin da yake zaton kifin na nan, in ƙafa 10 ne ya ƙirga zuwa 10, sa'an nan ya sunkuyar da bakin sanda ya fizga sau biyu ko uku, da sharaɗin ya bar zaren da ɗan sako-sako, domin sakin nan ne ke sa abin ya kauce dama da hagu maimakon ya taho a miƙe. Daga nan sai ya dakata. A ganina ilmin duka yana cikin wannan dakatawa, gama galibin kamu a cikinta yake aukuwa, sa'ad da abin ke faɗuwa kamar ransa ya kusa fita, kuma sau da yawa mai fatsa ba ya jin komai, sai dai ya ga zare ya motsa, ko ya ji nauyi a fizga ta gaba. Gwargwadon sanyin ruwa, gwargwadon tsawon jira, mai gaggawa kuwa yakan janye abincin daga bakin kifin da ya riga ya yi niyya.

Amma fa mai nutsewa yana da iyakarsa, domin ba ya tsayawa wuri guda, in aka daɗe da jira sai ya kai ƙasa ƙugiyoyinsa su maƙale a reshe ko a tsagar dutse, a yi hasararsa. Saboda haka inda bas ke rataye a ƙafa 5 ko 6 cikin ruwa mai tsananin sanyi, gwanaye sun fi son mai tsayawa a tsakiya. Mai nutsewa kuwa suna ajiye shi don ruwa mai zurfi, da kogi mai ƙarfin gudu inda mara nauyi ba ya iya sauka, da ranar iska, lokacin da nauyinsa ke taimakon jifa ya kai nesa.